"Ban Sha Ba" Ba Ta Fidda Mutum a Kotu: Yadda Za Ka Kare Kanka Idan An Ɗora Maka Laifin Tuƙi Cikin Maye

Tun da aka haife ni giya ba ta taɓa shiga bakina ba, amma na taɓa kwana a bayan kanta bisa zargin na bugu ina tuƙi. Wata biyar da kwana goma sha ɗaya tuhumar ta yi a wuyana kafin a janye ta. Da a daren farko na san abin da na sani yanzu, da wahalar ba ta kai rabin haka ba.

Ga yadda aka yi. Ina da ciwon suga, shekara tara ke nan ina allurar insulin. Ranar na yi allurar dare kamar kullum, sai aiki ya sha kaina ban ci abin kirki ba. Da zan tashi daga aiki, ƙarfe ɗaya saura kwata, na shiga banɗaki na kurkure baki da wani ruwan magani da likitan haƙori ya rubuta min saboda dasashina yana jini. Na shiga mota. Ban yi minti shida ina tafiya ba na ji gumi yana tsattsafo min, hannuna ya fara rawa a kan sitiyari, motar ta ɗan taka layin tsakiya. Sai ga fitila mai walƙiya a bayana. Ɗan sandan ya haska ni da tocila ya tambaye ni daga ina. Na buɗe baki na ji harshe ya yi nauyi. Ya ce in fito in taka a kan layi, na yi tangaɗi. Ya miƙo wata 'yar na'ura ya ce in hura, na hura, ta nuna akwai barasa. Sai ankwa.

Ni kuwa ba abin da nake maimaitawa sai "Wallahi, Yallaɓai, ban sha ba." Ranar da na fara zama da lauyata na ba ta wannan labari, murmushi ta yi ta ce, "Malam, wannan maganar sau goma ɗan sanda yake jin ta a dare ɗaya, daga mai gaskiya da maƙaryaci, kuma murya iri ɗaya suke faɗarta da ita." An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, to ni dai ta ɗan huda nawa. Alƙali ba ya ganin cikin mutum. Takarda yake gani, musamman takardar da aka rubuta lokaci a kanta, ƙarfe kaza da minti kaza. Duk abin da zan faɗa a nan kan wannan ya ginu.

Da wanda aka zalunta nake magana. Wanda ya sha ya hau titi, ran mutane ya ɗauka ya yi caca da shi, ba ni da dabarar da zan ba shi. Sannan dokar nan kowace ƙasa da tata. A yawancin jihohin Amurka iyakar barasa a jini kashi 0.08 ce cikin ɗari, jihar Utah ta sauko da tata zuwa 0.05 a ƙarshen 2018, direban babbar mota kuwa 0.04 ce tasa. Ingila tana kan miligiram 80 a cikin mililita 100 na jini, Sikotilan ta koma 50 tun Disamban 2014, Jamus 0.05, Suwidin 0.02. Saboda haka ka san lambar ƙasar da kake tuƙi a cikinta tun kafin rana ta ɓaci.

A bakin titi

Ka tsaya inda ya dace, ka kashe mota, ka ɗora hannu biyu a kan sitiyari, ka miƙa lasisi da takardun mota idan an tambaya. Kada ka yi gardama. Babu wanda ya taɓa cin shari'a a gefen titi ƙarfe ɗaya na dare, amma da yawa sun ƙara wa kansu tuhuma ta biyu a nan, ta hana jami'i aikinsa. Kuma a ƙasashe da dama yanzu akwai kyamara a ƙirjin ɗan sanda ko a gaban motarsa. Ka ɗauka cewa duk abin da kake yi, alƙali ne yake kallonka bayan wata shida.

Magana zarar bunu ce. Tambayoyin nan masu kama da hira, "daga ina, me aka ci, an ɗan taɓa wani abu ne yau", duk amsarsu cikin rahoto take shiga. Wanda ya ce "na gaji ne kawai" ya amsa da bakinsa cewa tuƙinsa ba daidai yake ba. Wanda ya ce "maganin mura na sha" ya buɗe wa kansa ƙofar tuhumar tuƙi da ƙwaya. Ka faɗi sunanka da abin da doka ta wajabta, sauran ka ce cikin ladabi sai ka ga lauya.

Abu ɗaya ne ba a yin shiru a kansa, wato rashin lafiya, kuma a nan na yi babban kuskurena. Maimakon rantsuwa, da cewa na yi, "Ina da ciwon suga, ina jin ya sauka, a auna ni ko a kira motar asibiti," da kyamara ta ɗauki wannan magana da lokacinta, da kuma nauyi ya koma kan jami'in ya bayyana dalilin da ya sa bai kula ba. Sugan da ya yi ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL ya sauka, ƙasa da 54 kuwa haɗari ne, kuma alamominsa su ne na bugagge sak: karkarwa, gumi, harshe ya lauye, ruɗewa, wani ma har da faɗa. Idan kuma sugan hawa ya yi sosai, numfashi kan yi wani wari mai zaƙi-zaƙi da hancin da bai sani ba yake ɗauka giya ce. Farfaɗiya, farkon shanyewar ɓarin jiki, buguwar kai bayan haɗari, ciwon cikin kunne mai kawo jiri, duk suna iya sa mai hankali ya yi kama da mashayi. A Ingila ma gargaɗin da ɗan sanda yake karanta wa wanda ya kama yana cewa rashin ambata abin da za ka dogara da shi daga baya a kotu zai iya cutar da kariyarka. Don haka batun lafiya, ka faɗe shi da wuri, da ƙarfi.

Sai gwaje-gwajen nan na tsayuwa da tafiya. A Amurka guda uku ne hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa ta tsara: bin alƙalami ko yatsa da ido a ga ko ƙwayar ido tana fizga, taku tara diddige na taɓa yatsa a kan layi a juyo a sake tara, da tsayuwa da ƙafa ɗaya na daƙiƙa talatin ana ƙirge. Littafin koyarwar hukumar da kansa ya yarda cewa wanda ya haura shekara 65, ko mai ciwon baya, ƙafa ko cikin kunne, ko mai ƙiba sosai, zai sha wuya a wasu daga cikinsu ko bai sha komai ba. Gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya a ɗakinka yanzu ka gani, sannan ka ƙara duhu, da iskar manyan motoci, da fitila mai walƙiya a ido, da tsoro. A yawancin jihohin Amurka waɗannan na ganin dama ne, mutum na iya ƙi. Idan ka yarda za ka yi, kafin ka ɗaga ƙafa ka faɗi duk wata larura da kake da ita, ka kuma faɗi abin da ka gani: ƙasar tana da gangara, akwai tsakuwa, takalmina mai tsini ne.

Hura na'ura daban ne. Kada wani abokin hira ya ruɗe ka da cewa ƙin hurawa wayo ne. A Ingila ƙin ba da numfashi ba tare da uzuri ba laifi ne mai zaman kansa, kuma direban da aka samu da shi a caji ofis hana tuƙi na aƙalla shekara ɗaya yake fuskanta, daidai da wanda aka kama da maye. A jihohin Amurka karɓar lasisi ana ɗaukarsa a matsayin ka amince da gwaji bayan kamu, ƙi yana jawo dakatar da lasisin ko da daga baya an wanke ka. Ga wanda bai sha ba, gwaji abokinsa ne. Idan kana da asma ko ciwon huhu da ba za ka iya hurawa yadda ake so ba, ka faɗa, ka nemi a ɗebi jini.

Na'urar ba annabiya ba ce

Nan ne zan daɗe, domin nan ne mutane suke sallamawa. Da sun ga lamba sai gwiwarsu ta yi sanyi, su ce ai inji ba ya ƙarya.

Wani ɗan sandan jihar Indiana mai suna Robert Borkenstein ne ya ƙirƙiro na'urar a 1954. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne ba jini take aunawa ba. Iskar da ta fito daga huhu take aunawa, sannan ta yi lissafi ta ce ga abin da take zaton yana cikin jini. A Amurka lissafin ya ginu a kan cewa barasar da ke cikin mililita 2100 na numfashi daidai take da ta mililita ɗaya na jini. Wannan matsakaici ne da aka ɗauka don kowa, alhali jikin mutane ya bambanta. Zazzaɓi kaɗai yana iya ɗaga lambar, kowane digiri ɗaya na ƙarin zafin jiki yana ƙara wajen kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari. Ga wanda yake dab da iyaka, wannan ya isa ya tsallakar da shi.

Babbar matsalar ita ce barasar baki. Na'urar tana ɗauka iskar can ƙasan huhu ce ta shigo mata. Idan akwai ɗigon barasa a kan harshe ko tsakanin haƙora, sai ta ninka shi kamar daga jini ya fito, ta ba da lambar da ta fi ta mashayin gaske. Wasu ruwan kurkure baki barasar da ke cikinsu ta haura kashi ashirin cikin ɗari, ta fi ta giya da yawa. Haka wasu magungunan tari na ruwa, da feshin ƙamshin baki, da wasu magungunan ciwon haƙori da ake ɗigawa. Mai ƙwannafi kuma, ko wanda ya yi gyatsa ko amai, abin da ke cikin tumbi yana iya tasowa baki ya ɓata awon. Nawa ruwan kurkurar, da na koma gida na juya bayan kwalbar, ga barasar nan a rubuce da ƙananan baƙaƙe. 'Yan mintoci kacal ne tsakanin kurkurata da hurawata.

Barasar baki tana gushewa cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin. Shi ya sa ƙa'idar gwajin da kotu take karɓa ta ce jami'i ya zuba wa mutum ido na tsawon wannan lokaci, ya tabbata bai ci ba, bai sha ba, bai yi gyatsa ko amai ba, kafin ya hura. Ka lura da agogon bango idan an kai ka ofis. Shin ya tsaya a kanka, ko ya bar ka a benci ya tafi cike takarda? Sau nawa ka hura? A Ingila sau biyu ake hurawa a babbar na'urar ofis, kuma lambar da ta fi ƙanƙanta ake amfani da ita. 'Yar ƙaramar ta bakin titi kuwa, a wurare da yawa aikinta ba da dalilin kamu ne kawai, ba ita ake kafa hujja da ita a gaban alƙali ba.

Ni da aka kai ni ofis, bayan kusan minti arba'in, babbar na'urar sifili ta nuna. Na ɗauka shi ke nan, za a ba ni haƙuri in tafi. Ina! Sai jami'in ya ce tunda ba giya ba ce, to ƙwaya ce. Aka kira ma'aikaciyar jinya ta ɗebi jini.

Sannan ita kanta na'urar sai ana saita ta lokaci-lokaci, ana gwada ta da ruwa ko iskar da aka san adadin barasar da ke ciki. Idan aka yi sakaci da wannan, duk wanda ya hura an cuce shi, kuma ba tatsuniya ba ce. A Nuwamban 2018 kotun ƙolin jihar New Jersey ta yi watsi da sakamakon gwaji a shari'u sama da 20,000, saboda jami'in da yake saita na'urorin ya tsallake mataki ɗaya na auna zafi. A Afrilun 2023 babbar kotun jihar Massachusetts ta buɗe wa mutum kusan 27,000 ƙofar sake duba hukuncinsu, saboda ofishin da ke kula da na'urorin Alcotest 9510 ya ɓoye takardun da ke nuna matsalar saiti, daga 2011 zuwa 2019. Da yawa daga cikin mutanen nan amsa laifi suka yi don sun ga lamba sun ce ba a ja da inji.

Akwai ma wata larura da ba a cika samu ba, inda yisti a cikin hanji yake mayar da abinci mai sitaci barasa, mutum ya bugu bai sha ba. A Afrilun 2024 wata kotu a birnin Bruges na ƙasar Beljiyam ta wanke wani mutum bayan likitoci uku sun tabbatar yana da ita. Na ambace ta ne don ka san akwai, amma kada ka ɗora kariyarka a kanta sai da gwajin likita.

Jini

Gwajin jini ya fi na numfashi inganci, amma shi ma hannun ɗan'adam ne. Abubuwan dubawa: da me aka goge fatar kafin a soka allura, domin ba a son audugar da aka jiƙa da barasa. Wace irin kwalba aka zuba jinin, domin ta wannan aiki tana ɗauke da sinadarin da ke hana jini lalacewa, yawanci mai murfi ruwan toka. Jinin da babu wannan sinadari, aka bar shi cikin zafi kwanaki, ƙwayoyin cuta na iya haifar da barasa a cikinsa. Wa ya liƙa suna, wa ya karɓa, a ina ya kwana, yaushe ya isa ɗakin gwaji. Kowane hannu da kwalbar ta bi dole ya sa hannu a takarda, kuma giɓi ɗaya a wannan jeri ya isa lauya ya tambaya ko jinin naka ne ma. Idan a asibiti aka auna bayan haɗari, ka sani asibiti ruwan jini yake aunawa ba jini gaba ɗaya ba, kuma lambarsa tana fin ta doka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari.

Ka nemi kasonka. A Ingila idan ka buƙata, ana raba jinin biyu a ba ka ɗaya ka kai inda kake so a auna. A jihohin Amurka da dama kana da damar yin gwaji naka na daban. Idan ba a ba ka ba, da an sake ka ka wuce asibiti kai tsaye, kafin wanka, kafin barci, a auna barasa da suga da ƙwayoyi, a rubuta lokaci. Dalili kuwa lissafi ne mai sauƙi. Hanta tana ƙone barasa a hankali, wajen 0.015 a kowace awa. Wanda aka ce yana da 0.10 ƙarfe ɗaya na dare, sai ya yi awa shida zuwa bakwai kafin jininsa ya koma sifili. Idan takardar asibiti ta nuna sifili ƙarfe uku, to ɗaya daga cikin lambobin biyu ƙarya ce, kuma mai gabatar da ƙara ne zai yi bayani. Amma idan ka bari sai la'asar ka je, takardar ba ta da amfani, kowa ma sifili zai nuna a lokacin.

Idan an ce an ga ƙwaya a jininka ko fitsarinka, ka tambaya ko gwajin farko ne na sharar fage ko na tabbatarwa. Na farkon yana iya ruɗuwa da magungunan da likita ya rubuta. Kuma ganin ɓurɓushin magani a jiki daban, tabbatar da cewa shi ya hana ka tuƙi daidai a wannan dare daban.

Washegari

Da ka isa gida, kafin ka ba kowa labari, ɗauki takarda da biro. Rubuta komai daga safiyar ranar: me ka ci, yaushe, wane magani ka sha, yaushe ka bar inda kake, wace hanya ka bi, me jami'in ya ce shi ne dalilin tsayar da kai, me ka amsa, minti nawa tsakanin tsayarwa da hurawa, su wa ke wurin. Bayan mako biyu rabin wannan zai gudu daga kanka, alhali shi jami'in ya rubuta nasa tun a daren. Ka sa kwanan wata, ka rubuta a sama cewa don lauyanka ne, kuma kada ka nuna wa kowa sai shi.

Sannan ka bi sawun duk abin da ke da lokaci a jikinsa. Rasit na inda ka tsaya. Rajistar tashi daga aiki. Tarihin tafiyar da wayarka ta adana. Na'urar awon suga, ita ma tana riƙe lamba da lokaci. Kwalbar magani, kada ka zubar, ka ɗauki hotonta gaba da baya. Abokan aikin da suka gan ka minti goma kafin ka hau mota, ka rubuta sunayensu tun ba su manta da wane dare ake magana ba. Mafi gaggawa shi ne kyamarorin tsaro na wurin aiki, gidan mai ko shagon da ka shiga, domin yawancinsu suna goge tsohon hoto da kansu bayan 'yan kwanaki ko makonni. Ni na yi sanyin jiki, na je ranar kwana goma sha biyu, aka ce min an riga an shafe. Ka koma inda aka tsayar da kai ka ɗauki hoton ƙasar da aka sa ka taka, da rana da kuma da dare.

Facebook da WhatsApp kuwa, ka kama bakinka. Fushin da ka zuba a can, mai gabatar da ƙara zai iya karanto shi a kotu da muryar da ba taka ba.

Akwai tarkon da ke cin mutane da yawa: maganar lasisi da maganar kotu a wurare da yawa hanya biyu ce, kowace da wa'adinta. A Kalifoniya, alal misali, kwana goma kacal mutum yake da shi bayan kamu ya nemi hukumar lasisi ta saurare shi, in ya wuce dakatarwar ta hau kansa ko da shari'ar ba ta fara ba. Ka karanta duk takardar da aka ba ka a ofis, gaba da baya, a ranar.

Lauya, da abin da zai nema

Ka nemi wanda irin wannan shari'a ce aikinsa, ba wanda ya rubuta maka takardar sayen gida ba. Gwada shi da tambaya ɗaya: yaya ake saita na'urar da aka yi amfani da ita a kaina? Idan ya fara kame-kame, nemi wani. Idan ba ka da hali, ka tambayi kotu lauyan da gwamnati take bayarwa, kuma idan harshen kotun bai zauna maka sosai ba ka nemi tafinta, ba abin kunya ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ka gaya masa komai, har abin da kake ganin zai kwance maka zani. Ni sai da na amsa wa lauyata cewa rabona da auna suga tun ƙarfe shida na yamma, wanda sakaci ne nawa tsagwaronsa. Mai allurar insulin bai kamata ya tayar da mota bai auna ba.

Abin da lauyata ta rubuta ta nema, tun a makon farko, shi ne faifan kyamarar ƙirji da ta mota da ta cikin ofis, rahoton jami'in da rubutun hannunsa na daren, takardun saiti da gyaran na'urorin biyu, shaidar horon da jami'in ya samu a kansu, jerin hannayen da jinin ya bi, da duk takardar da ma'aikaciyar jinya ta cike. Ta kuma fara daga tushe: me ya sa aka tsayar da motar? Inda doka ta ce sai da dalili, idan dalilin ya rushe, abin da aka gina a kansa yana iya rushewa tare da shi. Wani lokaci tambayar ma ita ce ko mutum yana tuƙi, domin akan kama wanda ya kwanta a motar da ke tsaye, kuma a ƙasashe da yawa inda mabuɗi yake da kujerar da yake kai suna da tasiri. A Amurka kotun ƙoli ta yanke a 2016 cewa ɗibar jini bayan kamu sai da takardar izinin alƙali ko amincewar mutum, saɓanin numfashi. A 2011 kuma ta yanke cewa wanda ake tuhuma yana da haƙƙin yi wa ma'aikacin da ya yi gwajin tambayoyi, ba a turo wani abokin aikinsa ya karanta takarda ba.

A cikin tarin takardun nan ne muka tsinci abin da ya cece ni, kuma ni na ma manta an yi shi. Ma'aikaciyar jinyar nan, da ta ga yadda gumi yake zubo min, ta tambaye ni ko ina da wata larura, ta soki yatsana ta auna. Ta rubuta a gefen takardarta: suga 49, ƙarfe biyu da minti biyar. Ita ta sa aka ba ni abin sha mai zaƙi. Rahoton jami'in bai ambaci wannan ba ko da kalma ɗaya. Faifan ofis kuma ya nuna ni bayan minti ashirin da shan abin, ina magana tar, ina tafiya cak. Babu mashayin da yake wartsakewa cikin minti ashirin da ruwan zaƙi.

Tayin da za a yi maka

Duk da haka ba a janye ba, aka ce sai sakamakon jini ya fito, ɗakin gwaji kuma layi gare shi. Aka ɗage zama sau biyu. A zama na biyu aka kawo tayi: in amsa ƙaramin laifi na tuƙin ganganci, in biya tara, a rufe magana a ranar. Ba zan ɓoye maka ba, na so in karɓa. Na gaji da neman izini a wurin aiki, na gaji da kallon da maƙwabta suke min, matata ma ta ce in amsa mu huta.

Kafin ka ce "na amsa", ka sa lauya ya lissafa maka abin da zai biyo baya, ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin inshora yana tashi na shekaru. Aikin da ya shafi tuƙi yana iya tafiya. Wanda yake zaune a ƙasar da ba tasa ba, takardun zamansa na iya shiga matsala. Kanada, tun Disamban 2018, tana ɗaukar tuƙi cikin maye a matsayin babban laifi da zai iya hana baƙo shiga ƙasar. Kuma laifin da ka amsa da bakinka, warware shi daga baya ya fi ɗaukaka ƙara wuya nesa ba kusa ba. Akwai wanda tayin ya dace da shi, wanda hujjojinsa ba su da ƙarfi. Amma mai takarda a hannu, nauyin tabbatar da laifi yana kan mai gabatar da ƙara ne, ba a kansa ba. Na ƙi.

Ranar kowane zama ka je da wuri, da shiga ta mutunci, ka cika duk sharaɗin beli ko da kana ganin rainin hankali ne, domin saɓa sharaɗi ɗaya laifi ne sabo ko da na asalin ya faɗi. Ko za ka hau ka ba da shaida da bakinka, wannan ka bar wa lauya ya auna. Mai gaskiya mai zafin rai yakan ɓata shari'arsa cikin minti biyar na tambayoyin ƙure.

Sakamakon jinina ya fito bayan wata huɗu da 'yan kwanaki, babu barasa, babu ƙwaya. A zama na uku mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce sun janye, abin bai ɗauki minti biyu ba. Babu wanda ya ba ni haƙuri.

Janye tuhuma ba ya goge kamu da kansa. Sunanka, hotonka da zanen yatsunka suna nan a rajista, kuma mai ɗaukar aiki da ya bincika zai iya gani. Ka karɓi kwafin hukuncin mai hatimin kotu kafin ka bar harabar, ka yi masa hoto ka adana a wuri biyu, sannan ka sa lauya ya shigar da buƙatar goge ko rufe bayanan inda doka ta ba da dama. Ka kai kwafi ga hukumar lasisi da kamfanin inshora, kada ka ɗauka labarin zai isa gare su da kansa. Idan kana son kai ƙorafi ko neman diyya, ka tambayi wa'adinsa a ranar, domin na ƙarar hukuma yakan zama gajere. Nawa gogewar ta ɗauki wata uku. Ruwan kurkurar kuma likitan ya canza min da wanda babu barasa a ciki, ashe akwai shi tun farko, ban tambaya ba ne.